Yadda kwamfutar Babanmu ta 1983 ta sake nuna hoto

Assalamu alaikum jama'a. Ni dai mai gyaran talabijin da rediyo ne a Kano, sana'ar da na tashi a ciki kenan kuma da ita nake riƙe iyalina har yau, kuma in aka bi salsala ba wani abu ne ya jefa ni cikinta ba illa wata 'yar ƙaramar kwamfuta baƙa mai maɓallan roba da Babanmu, Allah ya jiƙansa da rahama, ya zo da ita daga Ingila. Sunanta ZX Spectrum. Na daɗe ina so in rubuta labarinta musamman yadda aka yi ta dawo tana nuna hoto bayan ta shafe shekara da shekaru a cikin akwati, domin na tabbata akwai gidaje da irin waɗannan kayan suke jibge a sito ana ganin sun mutu alhali da ransu, talabijin ɗin yanzu ne kawai ba ya gane su.

Baba malamin makaranta ne, lissafi yake koyarwa, aka tura shi ƙaro ilimi Ingila a 1983. Ya ce lokacin da ya je ko'ina zancen wannan na'ura ake yi. Kamfanin Sinclair Research na Clive Sinclair da ke Kambirij ne ya fito da ita a watan Afrilun 1982, mai ƙwaƙwalwa 16K fam 125, mai 48K fam 175, alhali babbar BBC Micro da ake sawa a makarantunsu tana kaiwa fam 399. To ka ga dalilin da ya sa talaka ya iya saye. Baba ya matse cikin ɗan alawus ɗinsa ya sayi mai 48K, da ya dawo abokan tafiyarsa kowa da rediyo mai kaset biyu da agoguna, shi kuma ya fito da wannan abin da ko girman littafin rajista bai kai ba, Umma ta juya ta ta sake juyawa ta ce Malam wannan fa na mene ne, ya ce ki bari dai yaran nan su girma.

Ba ta da allon kallo nata, talabijin ɗin gida ake jona ta da shi, kuma ta ramin eriya. Sai an zare wayar eriya an soka tata, sannan a murɗa abin kama tasha na UHF a hankali har a zo lamba 36. Allah ya taimake mu Najeriya da Ingila duk tsarin kala na PAL suke amfani da shi, shi ya sa kala take fitowa, kuma talabijin ɗinmu yana da UHF tunda da shi muke kama CTV 67 wadda yanzu ake kira ARTV. Daga 67 zuwa 36 murɗi ne mai nisa, ni aka ɗora wa wannan aikin saboda wai hannuna ya fi na kowa natsuwa, kana murɗawa allon yana ta shuuu da tsaki-tsakin nan baƙi da fari sai kawai ka ga ya washe ya yi fari, a ƙasa an rubuta © 1982 Sinclair Research Ltd. Wallahi har yau ban manta daɗin da nake ji ba in rubutun nan ya fito.

Amma fa hoton bai taɓa zama lafiya ba. In ta ɗan jima a kunne ta ɗau zafi sai tashar ta goce, kala ta gudu, haruffa su yi inuwa a gefe, sai na tashi na sake taɓa murɗin. In wani ya kunna injin markaɗe a maƙota sai layuka su cika allon. Ga rigimar gida, in lokacin wasan kwaikwayo ya yi Umma da Yaya sai a ce a cire abin nan a mayar da eriya, ko kana tsakiyar rubuta wani abu, kuma da an zare wuta duk abin da ka rubuta ya tafi sai dai in ka riga ka naɗe shi a kaset. A haka dai Baba ya koya min, ya zaunar da ni a tabarma gaban talabijin, 10 PRINT, 20 GO TO 10, sunana ya cika allo yana gudu. Maɓalli ɗaya kake dannawa kalma guda ta fito, ka danna P ta rubuta PRINT, ka danna J ta rubuta LOAD. Shi kuma da daddare in mun kwanta sai ya zauna yana rubuta nasa shirin na haɗa makin ɗalibansa, yana naɗewa a kaset da rediyon ɗakinsa.

Abin da ya fi damuna tun ina yaro shi ne me ya sa hoton yake gocewa. Ba wasannin ne suka tsaya min a rai ba, wannan tambayar ce. Na tambayi Baba ya ce shi lissafi ya sani ba wayoyi ba, amma akwai mai gyara a bakin titi in ina so ya kai ni in tambaye shi. Ya kuwa kai ni. Mutumin nan shi ya zama maigidana daga baya, Allah ya saka masa da alheri, ya ce kai yaro ka dinga zuwa ranar Asabar kana share min shago kana kallo. Daga shara aka koma miƙo ayan da lid, daga nan aka fara bar min rediyo in canza mata kafasita, shikenan na shige.

Wajen ƙarshen shekarun 1980 wata rana aka kawo wuta da ƙarfi, ta ƙona adaftar kwamfutar da wasu kayan gida. Ba a samu irin adaftar ba, hankalin kowa kuma ya koma wani wajen, Baba ya naɗe ta a tsohon rawani ya sa a akwatin ƙarfe tare da littafinta da kaset-kaset. Kamfanin ma kansa lokacin ya riga ya sayar da harkar kwamfutarsa ga Amstrad tun 1986. Ni kuma na girma na buɗe nawa shagon na yi aure, dubban talabijin sun bi ta hannuna, masu ƙusumbi da na bango, amma ban sake buɗe akwatin nan ba.

Sai bayan rasuwar Baba da aka zo fito da kayansa. Aka buɗe akwati aka warware rawani sai ga ta. Ƙannena ba su ma san mece ce ba, wani ya ce ai sai a ba 'yan gwangwan. Yaya ce ta ce a'a, ta juyo ta ce min kai ne ɗan gidanta, ka tafi da ita ko ba ta aiki ka ajiye. Na karɓa ban iya cewa komai ba.

A nan ne nake so masu irin wannan kayan su saurare ni da kyau, saboda abin da ke kashe su ba tsufa ba ne yawanci, gaggawa ce. Spectrum tana cin bolt 9, amma soket ɗinta tsakiyarsa negatib ne, gefensa fositib, wato akasin yawancin adaftocin da ake sayarwa a kasuwa yanzu. Kan adaftar zai shiga daidai, babu abin da zai hana ka, kana sokawa ka yi ɓarna. Don haka ni ban ba ta wuta ba sam sai da na buɗe ta. Sukurori biyar ne a ƙasa, kuma in za ka ɗaga murfin ka yi a hankali domin akwai faifan roba guda biyu da suka taho daga maɓallai suka shiga bod, wato allon da kayan cikinta suke manne a kai, ɗaya mai layi 5 ɗaya mai layi 8, biyar sau takwas shi ne maɓallai 40 ɗin, kuma tsufa yana busar da su har su tsage da ɗan lanƙwasa kaɗan. Nata sun riga sun tsattsage tun kafin in taɓa, zafin akwati ya gama da su.

A jikin bod an rubuta Issue Two, wato ƙira ta biyu ta bod ɗin. Na bi kafasitocin ruwa duka na canza su, tunda sun haura shekara talatin babu amfanin a yi ta gwada su ɗaya-ɗaya. Sannan na juya wayar wata adafta na tabbatar da mita, na ba ta wuta na ɗan lokaci kaɗan ina aunawa. Ragileta 7805 tana ba da bolt 5 lafiya. Amma ƙwaƙwalwar ƙasa, wato ai-si, 'yan baƙaƙen guntayen nan masu ƙafafu da yawa, guda takwas masu lamba 4116, su wuta kala uku suke so, bolt 5 a ƙafa ta 9, bolt 12 a ƙafa ta 8, da bolt 5 na negatib a ƙafa ta 1, kuma in na negatib ɗin nan ya ɓace aka bar su a kunne lalacewa suke yi. Na auna ƙafa ta 1 babu komai, nan take na zare wuta. Transistar da ke haɗa bolt 12 da na negatib ɗin tare da ɗan koyil, TR4, wadda asalinta ZTX650 ce, ita ce ta mutu, wataƙila tun ranar da adafta ta ƙone. Na sha yawo a Sabon Gari ban samu irinta ba, sai wani abokin ciniki da ke zuwa Ingila ya taho min da ZTX651 da sabon faifan maɓallai, don can har yanzu ana ƙera sababbi saboda masu son tsofaffin na'urorin. Da na sa, wutar uku duka suka tsaya daidai. Alhamdulillahi ƙwaƙwalwar ba ta taɓu ba.

To saura hoto. Na jona ta da talabijin na bango ta ramin eriya na sa shi ya nemo tasha da kansa, ya zagaye tun daga farko har ƙarshe ya ce babu komai. Na shiga neman hannu na kai shi 36, sai wani abu ya ɗan bayyana yana tsalle ya ɓace allon ya koma shuɗi. Wani talabijin ɗin ma ko hakan bai yi ba. Yaron shagona ya ce Oga ai ta mutu. Na ce ba ta mutu ba, danna maɓalli ka kasa kunne, ya danna ya ji 'yar ƙarar nan ƙyas da take yi daga ƙaramar sifikar cikinta. Na jawo wani tsohon mai ƙusumbi inci 14 da mai shi ya bari bai dawo ba, na murɗa, sai ga rubutun 1982 a cikin tsaki-tsaki, yana rawa amma yana nan. Sai da na zauna a benci na yi shiru na ɗan lokaci, na yi wa Baba addu'a.

Yanzu bari in yi bayanin abin da ke faruwa a ciki, don amsar tambayar da na yi tun ina yaro kenan. A cikin Spectrum akwai wata babbar ai-si da kamfanin Ferranti ya yi musu, ana ce mata ULA, ita ke karanta ƙwaƙwalwa ta fitar da hasken hoto da bugun da ke gaya wa talabijin ga farkon layi ga farkon shafi. Wata kuma LM1889 ita ke ɗora kala a kan mitar 4.43 megahaz ta PAL. Sai a haɗe su a waya ɗaya, haske da kala da bugun daidaitawa, wannan haɗin shi ne kwamfozit, shi ne ainihin abin da ke bin wayar AV mai kai ruwan ɗorawa da kowa ya sani a jikin bidiyo da DVD da dikoda. Wato hoton AV yana nan a cikin na'urar tun ranar da aka ƙera ta. Amma a 1982 talabijin ɗin gidajen mutane ramin eriya kawai gare su, shi ya sa aka sa wani ɗan gwangwanin ƙarfe a kusurwar bod, modileta, kirar Astec mai lamba UM1233, aikinsa ya karɓi wannan hoton ya mayar da shi tamkar ƙaramar tashar talabijin a lamba 36, shi kuma talabijin ya kama da tunarsa ya sake warware shi ya dawo da shi yadda yake da farko. Kamar mutum ne zai tashi daga Ƙofar Mata zuwa Ƙofar Nasarawa sai ya bi ta Wudil. A wannan zagayen ne hoto yake kwasar datti, kuma gwangwanin in ya ji zafi mitarsa tana ɗan matsawa, shi ne gocewar da take sa ni tashi ina murɗi. Tsohon talabijin yana da haƙuri, ko siginar ta ɗan karkace zai nuna, na yanzu kuwa in bai ga abin da yake tsammani daidai ba sai ya rufe allo kawai.

Ban ga laifin masu ƙirar ba ko kaɗan, da ba su yi haka ba da irin su Baba ba su iya saye ba, don allon kwamfuta na musamman a lokacin ya fi na'urar kanta tsada. Commodore 64 da ta fito a shekarar ita an sa mata ramin hoto da sauti a baya, amma kuɗinta ya ninka. Su ma Sinclair da suka zo yin mai 128K sun sa mata ramin allo.

Aikin kansa ba shi da yawa. Na ɓalle murfin gwangwanin, yana fita da ɗan tsinin sukundireba. Wayoyi biyu ne ke tasowa daga bod su shiga ta gefensa, ɗaya wuta ɗaya hoto, kuma kada ka yarda da ido ko da abin da wani ya gaya maka cewa ta hagu ce ko ta dama, sa mita, wadda ta nuna bolt 5 cif ita ce wuta, ɗayar da ke nuna ƙasa da haka ita ce hoto. Na zare wuta na cire ta bolt 5 ɗin daga gwangwani na sa mata rigar roba na kwantar, saboda in aka bar modileta yana aiki zai dinga watsa layuka cikin hoton a banza. Na cire ta hoton ita ma daga cikin gwangwanin. A ciki kuma akwai resista guda da ke manne da tsakiyar soket ɗin da wayar eriya take shiga, na ɗaga ƙafarta ɗaya na kauce da ita. Sannan na kawo kafasita mai maikrofarad 100 bolt 16, ƙafar fositib a wayar hoto da ta taso daga bod, ƙafar negatib a tsakiyar soket, na rufe ƙafafun da roba don kada su taɓa jikin gwangwani tunda jikin shi ne at, wato gefen negatib na da'irar. Na mayar da murfi. Daga waje ba za ka ce an taɓa komai ba, soket ɗin nan dai shi ne, kuma dama irin na AV ne, wayar ruwan ɗorawa tana shiga daidai.

Wasu suna haɗa wayar kai tsaye babu kafasita kuma hoto ya fito, ni ban yarda da wannan ba. Siginar tana tafe ne a kan wata tsayayyar wuta, shi kuma ramin AV na talabijin yana da resista mai om 75 zuwa at, in ka haɗa kai tsaye wannan wutar za ta dinga zuba ta cikinsa tana wahalar da transistar da ke fitar da hoton, wani talabijin ɗin ma ya ƙi nunawa. Kafasita tana tare tsayayyar wutar ta bar hoto ya wuce. Kuma girmanta ba da ka aka zaɓa ba, maikrofarad 100 da om 75 in ka buga lissafi suna barin duk abin da ya haura kusan haz 21 ya wuce, shafin hoto kuma sau 50 yake sauyawa a daƙiƙa, to ka ga an tsira. In ka sa ƙarama sosai sai ka ga saman allo da ƙasansa haskensu ya bambanta ko hoton ya dinga lanƙwashewa. Ka sa 220 ma babu laifi in za ta shiga gwangwanin. Wannan lissafin da nake bugawa a bayan takardar rasit sai na tuna mai cewa shi lissafi ya sani ba wayoyi ba, ashe duk abu ɗaya ne.

Wasu kuma suna fasa gwangwanin su kwashe kayan cikinsa duka su zubar, ko su huda jikin na'urar su sa sabon soket. Dan Allah a daina. Ba a ƙera irin waɗannan kuma, ramin da ka huda ba ya toshewa, alhali yadda na yi ɗin nan duk ranar da wani ya so ya mayar da ita yadda take wayoyi biyu da ƙafar resista ɗaya kawai zai mayar.

Na soka wayar ruwan ɗorawa a mai ƙusumbin na danna AV na ba ta wuta. Kai jama'a. Rubutun nan ya fito tsaf babu tsaki ko ɗaya babu inuwa, ban taɓa ganinsa haka ba tunda nake, shi kansa Baba bai taɓa ganinsa haka ba. Farin dai ya ɗan yi ja-ja zuwa ɗorawa, amma Issue Two tana da wuraren saiti a kan bod, VR1 da VR2 na daidaita kala, na bar ta ta ɗau zafi sannan na taɓa su kaɗan-kaɗan da sukundireban roba har farin ya zama fari. Daga Issue Three an cire waɗannan, don haka in taka ba ta da su ba wani ne ya sace ba. Na rubuta BORDER da lambobi ɗaya bayan ɗaya, shuɗi, ja, kore, ɗorawa, duk suka fito. Na bango da ya ce babu komai shi ma ya nuna ta AV, sai dai hoton ya ɗan fi duhu. Masu wannan matsalar suna ƙara transista guda a tsakani don ta ƙarfafa siginar, suna ba ta wuta daga wayar bolt 5 ɗin nan da aka cire, ni dai ƙara hasken talabijin ya ishe ni ban sa ba.

Kada in yaudari kowa, akwai abin da wannan gyaran ba ya magancewa. In ka rubuta jan rubutu a kan shuɗi za ka ga ɗigo-ɗigo suna tafiya a gefen haruffa. Dalili shi ne kiristal biyu ne a ciki, na megahaz 14 da ke tafiyar da ULA da na 4.43 na kala, kowa gashin kansa yake ci ba a ɗaure su tare ba, wurin saiti na TC1 yana ɗan rage abin amma ba ya kashe shi. Haka kuma yadda kala take cakuɗewa in abubuwa biyu suka haɗu a wasa, wannan ƙirar na'urar ce, allon ɗigo 256 ne a kwance 192 a tsaye kuma kowane ɗan murabba'i mai ɗigo 8 sau 8 kala biyu kawai yake ɗauka. Sauti ma ba ya bin wannan wayar, dama can mai 48K ba ta tura sauti talabijin, in kana so sai ka ɗauko daga ramin MIC na baya ka kai farin kan AV. Sannan talabijin ɗin da aka yi don Amurka zalla mai NTSC zai iya nuna maka baƙi da fari ko hoton ya dinga birgima, haka tsofaffin da ake kawo min daga Maraɗi masu SECAM kaɗai ba sa fitar da kalar PAL. Na bango kuma yana ɗaukar hoton a matsayin na tashar talabijin mai saƙa layuka biyu alhali Spectrum shafi guda take maimaitawa mai layi 312, shi ya sa abu mai motsi yake ɗan dushewa kuma akwai ɗan jinkiri tsakanin danna maɓalli da ganin abu. A ra'ayina mai ƙusumbi shi ne abokin zamanta, na biya mai inci 14 ɗin nan kuɗinsa da ya dawo na ajiye shi dominta.

Kaset-kaset ɗin ne na fi jin tsoro. Na gyara wata tsohuwar rediyo na canza mata bel na goge kan da sifirit, na jona ramin iyafis da ramin EAR, na danna J da alamar zance biyu. Gefen allo ya fara layukan ja da shuɗi-shuɗi mai haske, sannan ya koma shuɗi da ɗorawa da ƙarar nan mai shiga kunne. Wasu sun ƙi, sai R Tape loading error, na ɗan juya sukurun kan rediyon har ƙarar ta fi kaifi wasu suka shiga wasu kuma tef ɗin ya riga ya lalace. Cikin waɗanda suka shiga har da na Baba na makin ɗalibai. Na danna LIST na zauna ina karanta layukan da ya rubuta da hannunsa, yadda yake tara maki ya raba ya jera daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, har da wani layi da ya sa in ɗalibi ya faɗi da maki kaɗan na'urar ta yi masa alama don ya sake duba takardarsa. Halinsa kenan, duk wanda ya yi karatu a hannunsa zai shaida. Na ɗauki kayan gaba ɗaya a mota na kai gida na nuna wa Umma, ta sa tabarau ta matso kusa da allo ta ce wannan ai abin da yake hana shi barci ne, ta yi ta yi masa addu'a, Yaya kuma ta sa na naɗe ƙarar kaset ɗin a waya na tura wa kowa a gidan saboda in tef ya mutu kada abin ya tafi, kuma daga wayar ma yana shiga na'urar in an ƙure ƙara.

'Yata ta biyu ita ce ta maƙale mata yanzu, kullum Abba a kunna min, ta riga ta iya umarnin FOR da NEXT, ranar nan ta tambaye ni me ya sa gefen jan rubutu yake motsi na ce jawo kujera in nuna miki kiristal ɗin. Lokacin da aka sanar da rasuwar Clive Sinclair a watan Satumbar 2021 yana da shekara 81 na gaya musu ga wanda ya yi abin nan da kakanku ya sayo.

Da labarin ya bazu a layinmu wani dattijo ya aiko min da tasa, ita ZX81 ce ta 1981, yayar Spectrum, baƙi da fari ce babu kala babu sauti. Na ɗauka gyara iri ɗaya ne, to akwai ƙari. Tana buƙatar transistar ƙarfafawa dole, sannan ULA ɗinta tsohuwar ƙira ce mai lamba 2C184E wadda ba ta fitar da ɗan gurbin nan da ke biyo bayan bugun layi, wanda talabijin mai kala yake dubawa ya gane ina baƙi yake, shi ya sa hoton yake fitowa duhu ƙirin da ƙyar ake ganin harafin K a kusurwa. Ta baya mai lamba 2C210E an gyara mata wannan. Maganin shi ne a haɗa 'yar ƙaramar da'ira da ai-si 555 ta dinga saka gurbin bayan kowane bugu. Na samo 555 ɗin da transistocin, na gwada a bod ɗin gwaji hoton ya washe, abin da ya rage shi ne in matse su a ɗan guntun bod da zai shiga cikin gwangwanin modileta ba tare da na cire kayan cikinsa ba, in Allah ya yarda cikin satin nan zan kai wa dattijon kayansa.